Barkar Da Muka Yi Wa Dakta

Sana'ata caji. Tebur ne ƙarƙashin rumfar kwano a bakin layin dogo a Agege, da wani ɗan janareta wanda tarinsa ya fi aikinsa yawa, da wayoyin jama'a jere kamar kifi a kan tire. A unguwar nan aka haife ni. Da Yarbanci nake zagi, da Buroka nake lallaɓa masu yankar tikiti, Hausa kuwa na ajiye ta don ƙarya. Ƙaryata ba ta cutar da kowa, girma kawai gare ta. In na ce maka na ga ɓera a kwatar bayan masallaci, to ɓeran ya kai ɗan maraƙi kuma sanye yake da hula. Kowa ya san haka, har masu shan shayi kan ja benci su matso.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, mai riƙe wayoyin unguwa shi ke fara sanin mutuwa. Ɗan dako ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Mile 12 da buhun albasa a ka, ko ɗan okada ya shige ƙarƙashin tirela, wayarsa wajena ake kawowa, a mace ita ma. In jona ta, in jira ta farfaɗo, mu nemo lambar da aka rubuta wa Gida ko Kawu. Daga nan sai a aika a kira Baba.

Baba tsohon mahauci ne da ya bar abatuwa tun da hannunsa ya fara rawa, ga ciwon ƙafa da ba ya barinsa ya yi nisa. Mutum ne mai rowar gaisuwa. Ka durƙusa ka gaishe shi har gwiwarka ta yi tsami, abin da za ka samu shi ne "Lafiya," ita ma rabinta a hanci. Amma ranar da za a kai labarin mutuwa arewa, sai ya zauna a bencina, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya yi gyaran murya, ya zama wani mutum daban. Ba ya kiran uwa, ba ya kiran mata. Kawu yake nema ko babban wa. Ya gaisa, ya sake gaisawa, ya tambayi damina, ya tambayi gero, ya tambayi jakin maƙwabta, ya tambayi wa ke kusa da kai yanzu. Sannan ya ce yaron ba ya ɗan jin daɗi, ya kashe wayar. Bayan jimawa ya sake kira ya ce jikin ya yi nauyi. Kafin ya kai ga cewa sai haƙuri, an riga an tara maza a zauren can, an zaunar da wanda ya kamata a zaunar. In kuwa mutuwar a arewa aka yi, ɗan'uwan yana nan Legas, to ba a faɗa masa sam. A ce jiki ya tsananta, a saka shi a mota, ya ji a ƙofar gidansu cikin danginsa.

Wannan aikin ne ya kawo mana Dakta. Malami ne a wata jami'a a arewa, mutumin wajen Funtuwa, dogo siriri, ya zo da jaka a kafaɗa da takalmin da bai taɓa gaisawa da kwatar Agege ba. Ya ce babban digiri yake yi, kuma bincikensa a kan yadda 'yan ci-rani ke sanar da mutuwa ta waya ne. Na ce masa duk maganar da ke Legas, ga kwandastan bas ɗin danfo da zai zage ka har kakanka ya juya a kabari, ga masu tallan maganin basir, ga ni, amma shi ya rasa abin da zai ɗauka sai wannan. Ya ce ai bai zama dakta ba tukuna. Na ce na ba shi kyauta, in jami'a ta hana shi ya zo in buga masa hatimi da gindin kofin shayi.

Baba ya yarda a ɗauki muryarsa, amma ban da ta wanda ke can ɓangaren, kuma a goge sunaye. Haka Dakta ya tare a bencina. In an yi mutuwa ya ajiye 'yar na'urarsa kusa da gwiwar Baba, ya sunkuyar da kai. In ba a yi ba, ya toshe kunnuwa da igiya ya yi ta maimaita muryar, gaba da baya, kamar tela a kan keke. Ya feɗe maganar Baba yadda Baba ke feɗe sa a zamaninsa. Wannan sashe ya ce shimfiɗa ne, wancan lalube, wancan sassautawa. Shirun Baba ma sai da ya auna shi. Na ce masa saura tarin, ya ce ai tarin yana da babi nasa, kuma ba wasa yake ba. Ya bi mutanen da aka taɓa sakawa a mota da ƙaryar rashin lafiya, yana tambayarsu yaushe suka gane. Kusan dukansu suka ce ba su gane ba sai da suka ga tabarmi a ƙofar gida.

Sau ɗaya na ga sun yi saɓani. Dakta ya ce, cikin ladabi, shi a ganinsa ɓoye wa babban mutum mutuwar nasa kamar tauye masa haƙƙi ne, kamar an mai da shi yaro. Baba bai ɗaga murya ba. Ya nuna masa titin da ke gaban rumfata, ya ce a nan wani mai gaggawa ya taɓa faɗa wa wani saurayi rasuwar uwarsa gatsau, saurayin ya miƙe da waya a kunne ya shiga titi bai duba ba, danfo ta ɗauke shi, shi Baban ne kuma ya kira gidan nan a yinin ya ƙara musu ta biyu. Dakta ya rubuta wannan ma.

Yana da mata a gida da tsohon ciki, na fari. Kullum bayan la'asar take kira, sai ya zaga bayan janareta ya yi ƙasa da murya, shi a tunaninsa ƙarar injin labule ce. Ni kuwa kunnena ya saba da injin nan tun yana sabo. Tana cewa ya taho, yana cewa saura kaɗan, misalan da ya tara ba su isa ba. Wata rana na ce masa, Dakta, wato zaman jiran mutane su mutu kake yi don babinka ya cika. Da wasa na faɗa. Bai yi dariya ba, ya daɗe yana kallon layin dogo.

Ranar da abin ya faru, da safe ya ba ni wayarsa in sa a caji, ya ɗauki na'urarsa ya tafi Mile 12 hira da 'yan dako. Hantsi bai gama ɗagawa ba wayar ta fara haske. Ni ba na karanta saƙon mutane, amma ido ba shi da ƙyaure. Saƙo na farko ya fara da innalillahi, na biyu ma haka, suna ta hawa kan juna. Sai kira ya shigo, an rubuta Yaya. Na ɗauka, na ce mai caji ne, mai wayar ya fita.

Mutumin ya ce ya san ni, ƙaninsa na yawan ba su labarina. Ya ce matar ta haihu da asuba, mace, jaririyar tana nan lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Bayan azahar za a kai ta. Ya ce ko jirgi ya hau ba zai riski jana'iza ba, don haka ba gaggawa suke so ba, so suke ya iso da hankalinsa.

"Don Allah ɗan'uwa," ya ce, "ku sako mana shi a mota. Ku ce masa haihuwa ce. Ai ba ƙarya ba ce, an haihu."

Na kwafi lambarsa a tawa wayar, na kashe ta Dakta, na cusa ta cikin buhun matattun caja da ke ƙarƙashin tebur. Na bar wa mai shayi rumfa na ruga ɗakin Baba.

Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, ya yi wa matar addu'a. Na tsaya ina jira ya ɗauki hularsa mu tafi, sai ya ce ba inda za shi.

"Yaron nan ya san tarina," ya ce. "In na ce masa sannu sau biyu, ya gama ji. Ko hango ni ya yi ina tahowa, ya ji. Kai za ka yi."

Na ce Baba ni fa ban iya ba, ni ɗan iskan bakin titi ne, ban taɓa riƙe fuska ta yi minti guda ba. Ya ce dalilin ke nan. Ya ce ba wanda ya taɓa jin mugun labari a bakina, gaskiya ma ba a taɓa ji ba. Ya ce in an tambaya a ce ya tafi Ebute Metta duba wani ɗan'uwa, ya tura ni waje ya sa sakata. Tsoho mai jikoki, da rana tsaka, ya kulle kansa a ɗaki kamar wanda ya yi sata.

Na bi layinmu ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi, mai aski, masu facin taya, har Bayarabiyar da ke sayar da burodi a gefena. Na ce barka kawai za a yi, wanda ya san fuskarsa ba za ta ɗauka ba ya tafi ya yi fitsari mai tsawo. Matar burodin ta ɗora hannu a ka ta fara hawaye, na ce mata da yarensu ta zubar da shi duka yanzu, kada ta rage ko ɗigo. Ta zubar, ta wanke fuska da ruwan leda, ta sake shafa hoda.

Ya dawo bayan an sallame azahar. Na san me ake yi a garinsu a daidai lokacin, shi ya sa ban kalli agogo ba. Na hango shi yana tsallake layin dogo, rigarsa duk jan tumatir, na hau kan benci na buɗe maƙogwaro na ce jama'a ku ba da hanya ga angon ƙarni, Dakta ya zama uba, an haifi 'yar da za ta gyara wa malaman jami'a rubutu tun tana cikin zani. Layi ya ɗauka. Mai aski ya fito da reza a hannu yana barka, mai shayi ya buga cokali a kofi, matar burodin ta rangaɗa irin tasu guɗar.

Dakta ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya ajiye jaka, ya kai goshinsa ƙasa a wurin, kan baƙar ƙasar nan mai man inji da ɓawon rake, ya yi sujada. Da ya ɗago akwai ƙasa a goshinsa, yana dariya, idonsa ya cika. Na ga mai shayi ya juya baya yana ta hura wutar da ke ci da kyau.

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayarsa. Na ce janareta ya yi tsalle ɗazu, ta ƙone, na kai wa mai gyara. Ya dube ni. Na ce Allah ya taimaka Yayansa ya kira kafin nan, ga lambar. Ya so ya kira matar da tawa wayar, sai ga shi mutumin da ya haddace tarin Baba bai haddace lambar matarsa ba. Na tsokane shi a kan haka, jama'a suka yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ya kira Yayan. Ina tsaye kusa ina ji. Yayan ya ce tana barci, an ƙara mata jini, likitoci sun hana a dame ta, shi dai ya taho yau. Bayan muryarsa akwai hayaniyar maza da yawa. Dakta ya tambaya, aka ce masu barka ne. Sai aka kai wayar cikin gida aka kara masa kukan jaririyar. Ya riƙe wayar da hannu biyu.

Na zata daga nan sai tasha, ashe da saura. Ya ce ba zai je wa mai jego hannu biyu ba, in raka shi kasuwa ya saya mata atamfa. Na raka shi. Ya sa aka sauke masa rabin shago. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya kai bakin ƙofa ya duba a haske. Ya ce ita koriya take so amma ja ta fi yi mata kyau, ni me na gani. Na ce ya ɗauki koriyar, mace a bar ta da abin da take so. Na juya kan mai shagon na yi ciniki kamar mahaukaci, na zage shi, na zagi atamfar, na zagi jirgin da ya kawo ta, don dai in sami inda zan kai muryata. Mutumin bai yi mini komai ba.

A hanyar dawowa Dakta ya ce mu biya ya yi wa Baba sallama. Na ce Baba ya tafi Ebute Metta.

"Baba? Da ƙafar nan tasa?"

Na ce ai ƙafar ta warke, jiya ma na gan shi yana tsere da keke napep. Muka wuce ta ƙofar ɗakin, takalman Baba na nan a bakin ƙofa, ni na gani, ban sani ba ko shi ya gani.

A tashar motocin arewa na sami wani dattijo mai fataucin tattasai da ke komawa wajen Funtuwa. Na ja shi bayan wata tirela na faɗa masa komai, na ba shi wayar Dakta a naɗe cikin leda, na ce kada ta fito sai sun tsaya a ƙofar gida. Ya ce ya taɓa yin irin wannan rakiyar. Na sa aka ba Dakta kujerar taga, dattijon ya zauna ta bakin hanya, yadda ko sauka zai yi sai ya tsallake shi.

Ana ta ɗaure kaya, ni ina ƙasa ina zuba. Na ba da labarin yadda aka haife ni da haƙora har ungozoma ta nemi diyya. Fasinjoji na dariya. Dakta ya zuge gilashi ya leƙo, ledar atamfar a ƙirjinsa.

"Mai caji, dube ni."

Na dube shi.

"Akwai abin da ya kamata in tambaye ka?"

Na ce sai dai sunan da zai sa wa yarinya, kuma kada ya ce zai yi mini takwara, sunana ba ya yi wa mata kyau. Ya yi ɗan murmushi, ya gyaɗa kai, ya mayar da gilashin. Motar ta ja. Na tsaya ina ɗaga hannu har ta sha kwana, sannan na zauna a kan wata tsohuwar taya. Wani ɗan kamasho ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce yunwa ce.

An daɗe da share makoki kafin ya kira ni. Muryarsa ta koma ta tsofaffi. Na yi masa gaisuwa irin wadda ta kamata, karo na farko, ya amsa. Sannan na tambaye shi abin da shi ya yi ta tambayar mutane, na ce yaushe ya gane.

Ya ce tun a teburina. Ya yi mini bayani a hankali, irin na malamai. Ya ce da a ranar yau da kullum ce, janaretan da zai ƙona wayarsa sai ya haɗa da teburin da rumfar da rabin Agege, sai an kira 'yan kwana-kwana daga Ikeja, sai na nuna masa tabo. Ranar kuwa cewa kawai na yi ta ƙone. Ya ce bai taɓa jin na yi ƙarya daidai girman mutum ba sai ranar.

Na ce to me ya sa ya je sayen atamfa, me ya sa bai matsa mini ba.

"Ba wanda ya faɗa," ya ce. "Muddin ba a faɗa ba, tana asibiti tana barci. Haka na tafi da ita har gida. A Ibadan na yi mata faɗa a kan ba ta cin abinci. Da muka haye Jebba muna gardamar suna."

Ya ce mutanen nan da suka ce masa ba su gane ba sai da suka ga tabarmi, ya rubuta maganarsu yadda suka faɗa, ya gina babi guda a kai, yanzu kuwa bai san me zai yi da babin ba. Jakar na'urar tana rataye a ƙusa, bai buɗe ba. Malaminsa na ta nemansa. Ya ce in gaishe da Baba, in ce masa ya ga takalman. Bai sake zuwa Legas ba, ni ma ban tambaye shi digirin ba.

Ƙafar Baba ta ƙara lalacewa, yanzu ko masallaci sai an riƙe shi. Labarin abin da na yi ya zaga unguwa, har ya kai Mile 12 da Obalende, don haka in za a saka wani a mota, ni ake nema. Na yi na wani maigadi, na yi na wani mai yankan farce, na yi na wasu da ban riƙe fuskokinsu ba. Na iya yanzu, ƙaryar ma na koyi ba ta cikakken girmanta.

Sai dai bencina ya rage cika. Kwanan baya wani ɗan okada ya kawo caji, mutum mai ƙaton kai, na ce hular kwanonsa sai dai a ƙera ta a inda ake ƙera tankin ruwa. Ya yi dariya. Na ƙara, ya ƙara dariya. Na ƙara ta uku don na ga abin na tafiya, sai na ga dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya dube ni, ya dubi mai shayi, ya dubi mai aski. Ya ce in cire masa wayarsa haka nan, ko rabi ba ta kai ba. Ya koma gefen layin dogo ya kira gida, ya sa aka ba uwarsa, aka ba matarsa, aka ba 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Kowa lafiya lau. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, yanzu can gaba wajen wani Bayarabe yake kai caji.